Ganuwar Kano: Abin da Kanawa Suka Riƙe da Abin da Suka Saki

Wanda ya biyo titin da ya tashi daga Ƙofar Ɗan Agundi ya nufi tsohuwar harabar Jami'ar Bayero, idan ya dubi hannunsa na dama, zai riƙa hango wani dogon tudu na jar ƙasa yana ɓullowa yana ɓacewa a bayan shaguna, da gidajen mai, da rumfunan masu gyaran mota. A wani wurin tudun ya fi tsayin mutum sau biyu, a wani wurin bai wuce kunyar gona ba, a wani wurin kuma babu ko alamarsa sai ginin bulo da aka aza a mazauninsa. Wannan tudu shi ne abin da ya saura daga ganuwar Kano, wadda mutanen gari suka fi kira badala. A kowace rana dubban Kanawa suna wucewa ta gefenta, kuma kusan duk wanda ka tsayar daga cikinsu zai gaya maka cewa ganuwa abin alfahari ce, gadon iyaye da kakanni. Duk da haka, a gaban idonsu take ƙarewa, ba tare da wata hayaniya mai yawa ba. Wannan saɓani tsakanin abin da baki yake faɗa da abin da hannu yake yi shi ne abin da wannan nazari yake so ya bi, domin a cikinsa ne ake iya gane mece ce al'ada a wurin mazauna birni, da kuma irin al'adar da suke jin zafin rasa ta.

Yadda aka gina ta, da aikin da take yi

Littafin Tarihin Kano ya danganta fara ginin ganuwa ga Sarki Gijimasu, jikan Bagauda, wanda ake lissafa zamaninsa daga 1095 zuwa 1134. Littafin ya ce an soma aikin daga Rariya, Sarki ya yanka shanu ɗari a ranar farko, kuma ganuwar farko tana da ƙofofi takwas. Ɗansa Tsaraki ne ya kammala ta. Daga baya Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya faɗaɗa ta har ta haɗiye filin da ya gina sabuwar fadarsa, wato Gidan Rumfa da sarakunan Kano suke zaune a cikinsa har yau. A farkon ƙarni na 17, zamanin Muhammadu Nazaki, aka sake ƙara ta wajen kudu maso yamma, inda ƙofofin Gadon Ƙaya, da Dukawuya, da Kabuga suke. Ke nan ganuwar ba ginin mutum ɗaya ba ce. Ta yi shekara kusan ɗari biyar tana girma tare da garin.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne, ganuwar ba gidaje kaɗai ta kewaye ba. Baturen nan Kilafaton da ya shigo Kano a 1824, da Bajamushe Barth da ya zo a 1851, dukansu sun rubuta cewa babban ɓangaren cikin ganuwa gonaki ne da fili, kuma sun ƙiyasta mazauna garin a kan dubu 30 zuwa dubu 40. An bar wannan fili ne da gangan, domin idan abokan gaba suka yi wa gari ƙawanya, talakawan karkara su shigo da dabbobinsu, a noma abin da za a ci a cikin gida. Duwatsun Dala da Goron Dutse suna ciki, ruwan Jakara yana ratsawa. Kowace ƙofa tana da Sarkin Ƙofa, wanda yake rufe ta da almuru ya buɗe ta da asuba, ya san baƙon da ya shigo da kayan da ya ɗauko. Ramukan da aka haƙi ƙasar ginin daga cikinsu suka zama kududdufai da kwazazzabai masu tara ruwan damina, wasu kuma suka zama kariya ta biyu a bayan ganuwa.

Ginin ƙasa ba ya zama da kansa. Duk damina tana cin rabonta, saboda haka dole ne bayan ruwa ya ɗauke a tara jama'a a yi kwaɓi, a cike inda ya zaizaye, a yi yaɓe. Ana raba aikin ga masu sarauta, kowa ya kawo mutanensa ya gyara sashen da aka ba shi. Bai kamata a yi wa wannan tarihi kwalliyar da ba tasa ba: a cikin masu ɗaukar ƙasar akwai bayi, akwai kuma talakawan da ba su da ikon cewa a'a. Amma ko da son rai ko da umarni, sakamakon ɗaya ne, wato kowace shekara hannuwan mutanen ƙasar Kano suna taɓa ganuwar, kuma kowa ya san abin da zai same shi ranar da ta faɗi.

Wannan aiki ya ƙare a ranar 3 ga Fabrairu, 1903, lokacin da sojojin Ingila a ƙarƙashin Kanar Molan suka fasa gari ta wajen Ƙofar Kabuga da igwa, Sarkin Kano Alu kuwa yana kan hanyarsa ta dawowa daga Sakkwato. Gwamna Lugga, shugaban mulkin Turawa a Arewa, wanda ya iso bayan an ci garin, ya rubuta cewa tsayin ganuwar ya kai ƙafa 30 zuwa 50, kuma bai taɓa ganin irinta a Afirka ba. Yabon nasa ya zo ne daidai lokacin da amfanin abin da yake yabo ya ƙare. Ganuwar da igwa take iya fasawa ba ta kare kowa, gwamnatin da ta hana yaƙi tsakanin garuruwa kuwa ba ta da dalilin tara dubban mutane su yi yaɓe. Daga nan aka bar ta da damina.

Daga al'ada zuwa kayan tarihi

A Hausa, kalmar al'ada tana nufin abin da aka saba yi, abin da yake dawowa lokaci bayan lokaci. Biki da suna al'ada ne, gaisuwar surukai al'ada ce, tashe a watan azumi al'ada ne. Abin da aka daina yi kuwa, sai dai a nuna shi a ba da labarinsa, sunansa tarihi. A ganina, babban abin da ya sami ganuwar Kano shi ne ta ƙaura daga rukunin farko ta koma na biyu, kuma duk matakan da hukuma ta ɗauka don kare ta sun ƙara tabbatar da wannan ƙaura ne maimakon su mayar da ita hannun mutane. An sanya ta cikin jerin kayan tarihi na ƙasa, a ƙarƙashin Hukumar Kula da Gidajen Tarihi ta Tarayya wadda dokar 1979 ta kafa. A 2007 Najeriya ta shigar da ita, tare da Dutsen Dala, da Kasuwar Kurmi, da fadar Sarki, cikin jerin share fage na wuraren da ake nema wa shiga kundin gadon duniya na UNESCO, wato hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, kuma har yanzu ba ta wuce wannan mataki ba. A takarda darajarta ta ƙaru. A unguwannin da suke jingine da ita kuwa ta zama kayan gwamnati, kowa kuma ya san yadda ake kallon kayan gwamnati a ƙasar nan.

Akwai wata tangarɗa ta doka da take ƙara dagula lamarin. Hukumar da aka ɗora wa kare ganuwa ta tarayya ce, ba ta da yawan ma'aikata ko kuɗin da za ta tsare gini mai tsawon fiye da mil goma. Ƙasar da ganuwar take kanta kuwa, bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, tana hannun gwamnan jiha, kuma ofisoshin jiha ne suke yanka fuloti su ba da takardar mallaka da izinin gini. Masarauta, wadda ita ce ta gina ganuwar ta kuma riƙe ta shekaru aru-aru, ba ta da iko a kan ko ɗaya daga cikin biyun. Mai haƙƙin hanawa ba shi da ƙarfi, mai ƙarfi kuma yana da abin da zai samu idan aka yanka fili a bakin babban titi.

Ya kamata a bambance masu cin ganuwar, domin ba laifinsu ɗaya ba. Akwai talakan cikin gari wanda ɗakinsa na ƙasa ya rufta da damina, ba shi da kuɗin bulo da siminti, ga kuma tudun jar ƙasa mai kyau a bayan gidansa. Ya ɗebi baro biyu ko uku ya gyara ɗakin da 'ya'yansa suke kwana. Akwai gidan gado da aka raba har ya zama kowa ɗaki ɗaya ya samu, sai wani ya tura katangarsa ta shiga jikin badala. Garin da ya ɗauki mutum dubu 30 zuwa 40 a zamanin Barth yanzu ya zama tsakiyar wani birni mai ƙananan hukumomi takwas da miliyoyin mutane, gonakin da suke cikin ganuwa kuwa an daɗe da gine su. Ina jin nauyin ɗora wa irin waɗannan mutane laifi mai yawa. Amma akwai wanda ba matsuwa ce ta kai shi ba: mai kuɗin da aka ba fili a kan ganuwa ko a kan kududdufin da yake gefenta, ya kawo motar rusau ta baje a yini ɗaya abin da damina ɗari ba ta iya cinyewa ba, ya gina jerin shaguna. Ɓarnar da wannan yake yi ba ta tsaya a kan tarihi ba, domin kududdufan da ake cikewa su ne suke shanye ruwan sama, kuma idan aka toshe su ruwan ba ya fasa zuwa, sai dai ya nemi hanya ta cikin lunguna da ɗakunan mutane.

Ƙofofin su ma sun ga nasu rabon. Ƙofar da aka gina domin raƙumi da jaki ba za ta ɗauki manyan motoci ba, saboda haka aka riƙa rushe su ana sake gina su da siminti, masu faɗi, a shafa musu launin ƙasa. A 2010 aka rushe tsohuwar Ƙofar Na'isa domin faɗaɗa titi, abin da ya jawo ƙorafin masana tarihi da ma'aikatan gidajen tarihi, sannan aka gina sabuwa a wurin. A shekarun da suka biyo baya an yi gadar sama a Ƙofar Nassarawa, an yi hanyoyin ƙarƙashin ƙasa a Gadon Ƙaya, da Kabuga, da Ƙofar Ruwa. Wanda ya taɓa maƙalewa a cunkoson waɗannan wurare ba zai ce ayyukan ba su da amfani ba. Wasu daga cikin tsofaffin ƙyamaren ƙofofin suna ajiye a Gidan Makama, inda ɗaliban makaranta suke zuwa kallonsu. A tsakiyar 2023, lokacin da sabuwar gwamnatin jiha ta shiga rushe gine-ginen da ta ce an yi su a filayen jama'a, an yi maganar amfani da ɓaraguzan wajen tayar da ganuwa, amma muhawarar da ta biyo baya ta fi karkata ga siyasar ɓangarori da asarar 'yan kasuwa fiye da makomar badalar kanta.

Abin da ba su yarda su saki ba

Wanda ya tsaya a nan zai iya yanke hukuncin cewa Kanawa ba su damu da al'adarsu ba, kuma zai yi kuskure. Hujja mafi kusa ita ce hawan Sallah. A watan Disamba na 2024 UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun bil'adama da ake gada ba na gini ba. Wannan karramawa ta zo ne a tsakiyar rikicin sarautar Kano, bayan da aka mayar da Muhammadu Sanusi na Biyu kan gado a watan Mayu na 2024, Aminu Ado Bayero kuma ya zauna a gidan Nassarawa, maganar tana gaban kotu. Saboda fargabar tashin hankali, 'yan sanda suka hana hawan Babbar Sallar 2024, suka sake hana na Ƙaramar Sallar 2025. Abin da ya biyo baya ya sha bamban da shirun da ake yi a kan ganuwa. An yi ta maganar a gidajen rediyo, da majalisun unguwa, da shafukan Facebook, mutane suna cewa Sallar ta zo musu lami.

Dalilin bambancin ba ɓoyayye ba ne. Hawa abu ne da mutane suke yi da jikinsu. Yaro yana tasowa ya ga mahaifinsa ya ɗora shi a kafaɗa a Ƙofar Kudu domin ya hango hakimai suna jahi ranar Hawan Daushe, bayan Sarki ya je Babban Ɗaki ya gai da mahaifiyarsa. Matashi yana tara kuɗi wata da watanni domin ya yi hayar doki ya shiga tawagar hakiminsu. A bayan kowane doki da aka yi wa ado akwai baduku da ya ɗinka sirdi, da maƙeri da ya ƙera linzami da likkafa, da maɗinkin babbar riga, da mai naɗin rawani, da mabusan algaita da kakaki, da mai sayar da ciyawa, har da mata masu abincin sayarwa a bakin hanya. Idan aka hana hawa, akwai gidajen da cefanensu ya ragu a wannan makon. Idan wani sashe na badala ya faɗi, babu tukunyar da ta fasa tafasa. Haka abin yake a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta a 1498: rijiyoyin da suke da mai aiki da mai saye suna raye da baba da toka, waɗanda aka daina amfani da su kuwa sun cika da shara, ko da yake shekarunsu ɗaya.

Wani abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, ganuwar da take mutuwa a ƙasa tana nan daram a bakin mutane. Kalmar birni kanta asalinta gari mai ganuwa ne, shi ya sa ake da Birnin Kudu, da Birnin Gwari, da Birnin Ƙonni. Har yau Kano a rabe take gida biyu a harshen mazaunanta: cikin gari da waje. Fagge, da Sabon Gari da aka kafa a farkon zamanin Turawa domin baƙi daga kudu, da Tudun Wada, da Gwagwarwa, duk waje ne, ko da kuwa wanda yake zaune a can kakansa ma a can aka haife shi. Mutumin da ya gina katafaren gida a Nassarawa ko Hotoro, idan aka tambaye shi asalinsa, sai ya ambaci Yakasai, ko Mandawari, ko Ƙoƙi, ko Soron Ɗinki, can ne kuma yake komawa ɗaurin aure da jana'iza. Mai adaidaita sahu yana kiran Kabuga ko Ƙofar Mazugal ba tare da ƙofa ta faɗo masa a rai ba. Hatta wuraren da ganuwar ta karye mutane suka mayar hanya sun sami sunaye da suka zauna, irin su Hauren Shanu da Hauren Wanki. Sarautun ƙofofi suna nan ana gadonsu, duk da cewa babu ƙyauren da ake rufewa da almuru.

Wannan ganuwa ta baki tana da fuska biyu, kuma adalci ne a faɗi dukansu. Ita ce take ba ɗan cikin gari tushe, ta sa ya san gidan da ya fito, da makarantar allon da kakansa ya yi karatu, da maƙwabtan da ba a ƙulla aure sai an shawarce su. Ita ce kuma take sa a riƙa yi wa wanda ya zo daga karkara kallon baƙauye, a riƙa tuna wa ɗan waje cewa shi baƙo ne, alhali garin da ake yi wa kirari da "ko da me ka zo an fi ka" baƙi ne suka gina arzikinsa tun daga Wangarawa da Larabawa har zuwa fataken Agalawa da Tokarawa. Ga Ibo ɗan Sabon Gari da aka haifa a Kano, badala ba lallai ta zama abin alfahari ba; tana iya zama alamar iyakar da ba a gayyace shi ya tsallaka ba. Ba banza ba ne Hawan Nassarawa, wanda Sarki yake fita daga ganuwa ya ratsa unguwannin waje, ya zama ranar da waɗannan mazauna suke jin su ma sarautar tasu ce.

Akwai garuruwan da ginin ƙasarsu bai koma kayan kallo ba, kuma abin da ya cece su a bayyane yake. A Jenne ta ƙasar Mali, mutanen gari ne suke fitowa kowace shekara su yi wa babban masallacinsu yaɓe, unguwa da unguwa suna tsere, mata suna kawo ruwa, yara suna kwaɓi, har ranar ta zama biki. A Agadas ta ƙasar Nijar, wadda tsohon garinta ya shiga kundin gadon duniya a 2013, ana ci gaba da gyaran hasumiyar masallaci da ƙasa kamar yadda aka gada. Gaskiya ne masallaci yana da abin da ganuwa ba ta da shi, domin ana shigarsa sau biyar a rana, kuma mai yaɓensa yana sa ran lada. Babu kuma wanda zai iya tayar da mil goma na badala a tsakiyar birnin da mutane suke neman wurin kwana. Amma sassan da suka saura, musamman tsakanin Ɗan Agundi da Gadon Ƙaya da kuma wajen Goron Dutse, ba su fi ƙarfin unguwannin da suke maƙwabtaka da su ba, idan da za a cire su daga hannun masu yanka fuloti a damƙa wa masu unguwanni da sarakunan ƙofa, a sanya musu rana guda bayan damina, a biya magina, a bar matasa su ɗauki ƙasa kamar yadda suke ɗaukar wahalar hawa da kuɗin aljihunsu. Abin da ya fi ƙasa da fili saurin ƙarewa shi ne masu sanin aikin. Maginan da suka iya kwaɓin jar ƙasa da ciyawa, suka san yadda ake jera tubali a shafe shi da makuba ya yi shekaru bai zaizaye ba, suna nan a cikin gari, amma yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuwa bulo da siminti suka koya domin shi ne aikin da ake kiransu.